Irin furen iris ba ya tsirowa a tsakiyar tafki

Wasu na zaton tunda Iris versicolor furen fadama ne a gabashin Amurka da Kanada, sai kawai a watsa irinsa cikin ruwa. Ba haka ba ne. Ɓawonsa na sa shi yawo a saman ruwa, kuma ba ya tsirowa sai ya sha sanyin hunturu. A jiƙa shi kwana guda, a cuɗa da yashi mai danshi, a ajiye a firji wata 3, ban da ɓangaren ƙanƙara. Sannan a binne shi zurfin santimita 1 a tukunya. Kada ƙasar ta bushe, domin ƙaramin tsiro ba ya jure ƙishi. Wani irin sai shekara ta zagayo yake fitowa, don haka kada a zubar da tukunyar. Fure kuwa sai shekara ta 2 ko ta 3.