Tayil ba ya tare ruwa, abin da ke ƙarƙashinsa ne ke tarewa

Yawancin maginanmu a gida, idan sun yi filasta sun liƙa tayil sun cike tsakani da farin siminti, a ganinsu an gama da maganar ruwa a wurin shawa. A nan Jamus kuwa ba a ɗaukar tayil a matsayin kariya ko kaɗan. Ƙa'idarsu ta DIN 18534, wadda ta fara aiki a 2017, ta ɗora kariyar kan shimfiɗar hana ruwa da ake shafawa ƙarƙashin tayil. Ni dai ina ganin su ne da gaskiya.

Simintin da ke tsakanin tayil yana shan ruwa, kuma yakan tsage a kusurwa, domin bango da daɓe ba sa motsi tare. Ruwan da ya shiga ba ya komawa baya. Sai ka ga fentin ɗakin da ke maƙwabtaka da banɗakin yana ɓarewa, farin gishiri na fitowa a gindin bango, in gidan sama ne rodin da ke cikin kankare ya fara tsatsa. Sai a ɗora wa mai aikin famfo laifi, alhali bututunsa lafiya ƙalau.

Shawar da ba ta da dakali, wadda daɓenta ya yi daidai da na sauran banɗakin, ta fi kowacce buƙatar kulawa. Gangara ce farko: santimita 2 a kowace mita, zuwa bakin magudana. A jikin daɓen ake fitar da ita kafin shimfiɗar kariya, ba da gam ɗin tayil ba. In an yi akasin haka ruwa zai riƙa sauka ta saman tayil, amma wanda ya ratsa ya kwanta a ƙasa yana wari.

Bayan daɓe ya bushe sosai a share ƙura, a shafa faramar da ta dace, wato ruwan da ke sa shimfiɗar kariya ta kama daɓe da bango, sannan a zo kan kusurwoyi, inda yoyo ya fi farawa. Duk mahaɗar bango da daɓe, da ta bango da bango, ana kwantar da tef na roba a cikin shafin kariya na farko tun yana ɗanye, inda tef biyu suka haɗu ɗaya ya hau kan ɗaya da santimita 5. Bakin kowane bututu yana da abin wuyansa na roba, ita ma magudana sai mai faffaɗan baki wanda shimfiɗar za ta manne masa. Magudanar da aka dasa cikin siminti kawai, ruwa zai bi ta gefenta.

Shafi biyu ake yi, na biyu ya gitta na farko bayan ya bushe. Kauri ma a ƙayyade yake: simintin kariya mai haɗe da roba aƙalla milimita 2 in ya bushe, mai kama da fenti kuwa rabin milimita, kuma mai kama da fentin a bango kaɗai aka yarda da shi a irin wannan shawa, ban da daɓe. A bango kariyar ta wuce kan shawa da santimita 20. Tsaida ta a iya gwiwa, kamar yadda wasu ke yi don kayan su isa, asara ce.

Kafin a ɗora tayil ko ɗaya, a toshe magudana, a datse bakin shiga, a tara ruwa, a yi alama, a bar shi awa 24. In ya ragu, a nemo wurin tun gyaran na burushi ne, bai zama na guduma ba. Daga ƙarshe kusurwoyin tayil a cike su da silikon maimakon siminti, kuma a sabunta shi duk lokacin da ya fara ɗagowa.