Ba ni'imarta ce ta ƙare ba

Ranar Asabar na je barka a unguwarmu. Muna zaune a ɗakin mai jego sai wata ƙanwata a dangi, wadda ɗanta bai wuce wata biyar ba, ta ja ni gefe ta buɗe jaka. Tsumi ne, gumba ce, zuma ce, ga wani ƙullin matsi da ko ita ba ta san abin da aka haɗa a ciki ba. Ta ce, "Anti, tun da na haihu ba na jin komai, zafi ma nake ji. Ya ce na canja. Wanne ya fi aiki a cikinsu?" Idonta cike da ƙwalla. Tun ranar maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa yau na ce bari in ajiye kunya in yi ta a fili.

Lafiyar yarinyar nan ƙalau. Mace mai shayarwa, jikinta yana fitar da wani sinadari da ake kira furolaktin, shi ne mai kawo ruwan nono. Idan ya yi yawa yakan danne fitar ƙwai, sai sinadarin istirojin ya yi ƙasa. Istirojin kuwa shi ke sa gaban mace ya kasance da danshi da laushi, don haka in ya ragu sai bushewa da zafi su biyo, sha'awa ta ja baya. Ƙara da tashin dare sau uku ko huɗu. Jiki ne yake cewa a dakata, akwai jariri a hannu. Kakanninmu ba su san sunan furolaktin ba, amma sun san a tafi wanka gida, sun san tsoron kwanika. Mu da muka yi boko ne muka mayar da abin cuta, muna zuba kuɗi a aljihun masu talla a Instagram da TikTok.

Na san da an ambaci Darwin, Baturen nan masanin halittu, wasu za su rufe shafin. Ku yi haƙuri ku tsaya, ba maganar asalin ɗan Adam na kawo ba. Lissafi ne da kowa zai iya yi. A 1972 wani masanin halittu Ba'amurke, Robert Trivers, ya ce a duba wa ya fi zuba jari a kan 'ya'ya, shi ne zai fi tsantseni wajen zaɓen abokin kwanciya. Namiji yana fitar da miliyoyin ƙwayoyin maniyyi a zubi ɗaya. Mace kuwa ƙwan da take saki a duk rayuwarta bai wuce 400 zuwa 500 ba, in ɗaya ya kama sai wata 9 na ciki, naƙudar da ake sa rai a bakin mutuwa, sannan shekara 2 na shayarwa. Wanda ke ɗauke da irin wannan kaya dole sha'awarsa ta kasance mai duba yanayi: akwai aminci, akwai lafiya, wannan mutumin zai tsaya?

Inda aka yi kuskure shi ne da aka fassara tsantseni da rashin sha'awa. Shi kansa Darwin a 1871 ya kwatanta jinsin mace da mai noƙewa, wadda sai an bi ta. A 1948 Angus Bateman ya yi gwaji da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, aka ɗauki sakamakonsa da ya goyi bayan maganar Darwin kamar yankan wuƙa, har sai 2012 da Patricia Gowaty da abokan aikinta suka maimaita gwajin suka nuna hanyar ƙidayarsa tana da matsala. Kafin nan Sarah Hrdy ta yi shekaru tana lura da wasu birai a Dutsen Abu da ke Indiya, ta ga matan ne da kansu suke neman mazan. Ba ina haɗa mace da biri ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne masana maza sun daɗe suna ganin abin da suka zo da shi a ransu, sai da mata suka shiga fagen aka fara kallon mace da kyau. Kai, cikakken fasalin ɗan tsaka ma, cewa mafi yawansa a ciki yake ɓoye, sai a 1998 wata likita 'yar Ostiraliya, Helen O'Connell, ta bayyana shi yadda ya kamata.

A 2007 Cindy Meston da David Buss na Jami'ar Texas sun tattara dalilai 237 da ke sa mutane kwanciya. Waɗanda suka fi yawa a bakin mata su ne: mutumin ya burge ni, ina son jin daɗi, ina son nuna masa ƙauna. Kusan daidai da na maza. Amma a can ƙasa akwai wasu dalilan, irin su sauke nauyi da tsoron kada ya kalli wata. A ganina kasuwar kayan mata kacokan a kan wannan tsoron aka gina ta. Ku saurari tallar da kyau. Mallaka ake cewa, sa kishiya tagumi ake cewa, zai ba ki kyautar mota ake cewa. Ban cika jin mai tallar da ta ce ke ma za ki ji daɗi ba.

Abin da na fi so maza su fahimta shi ne bayanin da wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta yi a 2000. Ta ce mata da yawa, musamman waɗanda aure ya yi nisa, sha'awa ba ta faɗo musu haka kawai. Ana farawa ne da kusanci, da hira, da taɓawa, sannan jiki ya amsa, sannan sha'awar ta taso. Garwashi ne a ƙarƙashin toka, yana nan da ransa, fifita yake jira. Masu bincike a Cibiyar Kinsey kuma suka ce ƙwaƙwalwa tana da totur tana da birki. Birkin nan fa shi ne bayanin rabin ƙorafin da ake yi a gidajenmu. Mace ta wuni a tsaye daga asuba, ta ɗebi ruwa, ta yi girki, yara uku na kwance a ɗaki ɗaya da su, tana tsoron wani cikin, kuma da rana ka dizga ta a gaban ƙannenka. Goma na dare ka shigo ba ko sannu, kana so ta kama kamar fetur. Duk tsumin duniya totur yake takawa, alhali ƙafarka na kan birkinta.

Masu cewa mata kuɗi kawai suke so, Buss ɗin nan a 1989 ya tambayi sama da mutum 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya. Gaskiya ne mata sun fi maza damuwa da abin hannun miji, kuma lissafin Trivers ya nuna dalili. Amma kirki da fahimta ne suka zo a gaba, ga maza da mata duka.

Addininmu ma bai taɓa cewa mace ba ta da buƙata ba. Suratul Baƙara aya ta 226 ta yanka wa mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya ji wata mata da dare tana waƙen kewar mijinta da ke wajen yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa wa'adin dawowa gida. Shugaba ne ya tambayi mace. Mu kuwa mijin da ke kwana da ita bai taɓa tambayarta ba.

Akwai lokacin da matsalar ta asibiti ce: ciwon suga, ciwon sanyi, baƙin cikin bayan haihuwa, wasu magungunan damuwa, ko shekarun ɗaukewar al'ada. Cusa abin da ba a san haɗinsa ba kuwa yana iya kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace, ya jawo sanyin da ake gudu.

Ƙanwata na ce ta zubar da matsin nan, ta je wajen ungozoma a duba ta, ta tambayi man santsi da ake sayarwa a kantin magani, kuma ta gaya wa mijinta abin da na gaya mata. Ta yi shiru, ta ce, "Anti, da wane baki zan fara?" Na ce to ta bari. Da na koma gida na zaunar da maigidana, na ce ya nemi yaron nan su yi maganar maza. Ya ce Juma'a in Allah ya kai mu zai same shi bayan masallaci.