Kafin a kira lebura malalaci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kara a nan Sakkwato lokacin da ake sauke kaya ya ga abin da zan faɗa. Ɗan dakon da aka yi jinga da shi a kan kowane buhu, gudu-gudu yake, ga ranar Afrilu tana dukan ƙeya. Wanda aka ce wa "sai Alhaji ya zo za a sallame ku" kuwa, sai ya gyara gammo sau uku kafin ya kai bakin mota. Nan take mu yanke hukunci: wancan jarumi, wannan malalaci. A ganina hukuncin yana da gaggawa.

Ga dalilina. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ake kira dofamin. A 1997 masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz da abokan aikinsa biyu suka wallafa bayanin abin da aka gani a birai. Ana kunna wa biri alama, jim kaɗan a ɗiga masa ruwan 'ya'yan itace a baki. Da farko ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da dofamin suna zabura ne idan ruwan ya sauka. Da birin ya gane, sai zaburar ta koma kan alamar, tun ladan bai iso ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na ukun: in aka kunna alama aka hana ruwan, ƙwayoyin sukan yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya zo. Wato ƙwaƙwalwa tana riƙe da lissafin alkawari, kuma duk saɓawa tana rage tsammanin gobe.

Lissafin nan har gaɓoɓi yake sauka. A gwajin wani masanin ƙwaƙwalwa, Okihide Hikosaka, idon biri ma ya fi saurin juyawa ɓangaren da ya san akwai lada. Cutar Fakinsin, wadda ke kashe ƙwayoyin dofamin, tana sa mutum nawa wajen motsi. Amma binciken Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 2007 ya nuna masu cutar suna iya kai hannu da sauri in aka buƙata, ba tare da kuskurensu ya fi na masu lafiya ba, sai dai jikin ya fi karkata ga yi a hankali. Ƙarfin yana nan, abin da ke cewa "ya cancanci wahalar" ne ya raunana. Dama Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san za a ce mutum ba biri ba ne, akwai tarbiyya, akwai tsoron Allah. Haka ne, kuma malalata na gaske suna nan, ba na musu. Amma a dubi manomin albasa a fadamar Rima: watanni yana ban-ruwa cikin sanyin hunturu, ba wanda ke ba shi ko sisi da yamma, kuma ba ya jan ƙafa. Ladansa na nesa ne, sai dai ya sha gani yana zuwa. Ashe nisan lada ba shi ke kashe gwiwa ba, rashin tabbas da mai alkawari ne. Hadisin da ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, da yawanmu mun haddace shi, mun kuma ajiye shi a masallaci.

Kwanan baya wani maƙwabcinmu da ke gini ya tare ni yana faɗa, wai yaran yanzu ba su son aiki, bulo ɗari ya gagare su a wuni. Na ce, "Alhaji, yaushe rabon ka biya su?" Ya ɗan yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce yau kwana goma sha ɗaya, amma ai sun san ba zai cinye musu ba.