Ba Ingila ce ta ɓata Gasar Ƙasashe Shida ta mata ba

Duk shekara idan aka fara Gasar Ƙasashe Shida ta ƙwallon zari-ruga ta mata a Turai, ƙorafi ɗaya ne ke tashi a shafukan masoya wasan: wai Ingila ta kashe gasar, an san mai kofi tun kafin a busa usur. Ban ce masu ƙorafin ba su da hujja ba. Daga 2019 zuwa 2025 kofin bai bar hannun Ingila ba, sau bakwai a jere. A 2024 ta lallasa Ayalan da maki 88 da 10 a filin Twickenham da ke Landan, a 2025 kuma ta bi Wels har gida a Cardiff ta yi mata 67 da 12. Amma ni dai ban ga laifin Ingila a nan ba. Masu laifin su ne hukumomin da suka bar 'yan wasansu shekara da shekaru ba albashi, da kuma tsarin gasar da ya sa ko ƙasa ta zo ta ƙarshe babu abin da zai same ta.

Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka tashi muka sani, to ga yadda abin yake a gurguje. Ƙasashen su ne Ingila, Faransa, Ayalan, Sikotilan, Wels da Italiya, kowacce tana karawa da sauran biyar ɗin sau ɗaya. 'Yan wasa 15 ne a kowane ɓangare, minti 80 ake yi. Kuma wasa ne na jiki sosai. Akwai lokacin da mutum takwas daga nan, takwas daga can za su sunkuya, su haɗa kafaɗu, su sarƙe kawunansu, a jefa ƙwallo a tsakiyarsu, kowane ɓangare ya yi ta turi har ciyawa ta ɓanɓaro ƙarƙashin takalmansu. Wadda ta yini a tsaye tana koyar da yara, ta je atisaye da daddare da gajiyar aiki a jikinta, ba za ta iya ture wadda aikinta ke nan tun safe ba, wadda ke da mai kula da abincinta da likitan da ke duba tsokarta. Jarumta ba ta cike wannan giɓin.

Ita kanta Ingilar daga can ta fito. Tawagar da ta ci Kofin Duniya a 2014, ta doke Kanada 21 da 9 a Paris, kyaftin ɗinta Katy Mclean malamar firamare ce, Marlie Packer kuma aikin famfo take yi. Sai a watan Janairun 2019 hukumar wasan ta Ingila ta bai wa 'yan wasa 28 kwantiragi na cikakken lokaci. A daidai wannan shekarar jerin kofunan nan suka fara. Wels ba ta fara biyan 'yan wasanta cikakken albashi ba sai Janairun 2022, su ma mutum 12. Sikotilan sai ƙarshen 2022 ta bai wa yawancin tawagarta kwantiragi. Ayalan da Italiya su ma a 2022 suka motsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya makara da shekara uku bai kamata ya zo yana kukan an yi masa nisa ba.

Ga kuma gasar cikin gida. Tun 2017 Ingila ta sake fasalin gasar ƙungiyoyinta na mata, har ta kai yau da yawa daga cikin fitattun 'yan wasan Wels da Sikotilan a ƙungiyoyin Ingila irin su Gloucester-Hartpury da Saracens da Bristol suke wasa. Wato ƙasar da ake cewa ta ɓata gasa, ita ce ke horar da 'yan wasan abokan hamayyarta duk mako.

Faransa, wadda ba ta yi sakaci irin na sauran ba, ta nuna cewa Ingila ba aljana ba ce. A 2018 ta doke ta 18 da 17 a Grenoble ta ɗauki kofin. Ranar 29 ga Afrilun 2023, mutum 58,498 suka cika a Twickenham don kallon Ingila da Faransa, adadin da ba a taɓa gani a wasan mata na zari-ruga ba a lokacin. Ingila ta tafi hutun rabin lokaci tana da 33 da nema, amma da ƙyar ta sha, aka tashi 38 da 33. A 2025 abin ya fi haka tsauri: Joanna Grisez ta Faransa ta zura da gudu ta gefen fili a mintunan ƙarshe ta dire ƙwallo a bayan layi, aka ƙara bugun da ke biye, aka tashi Ingila 43, Faransa 42. Maki ɗaya tak. Duk wanda ya ga wannan wasan ba zai ce gasar ta mutu ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Ayalan. Ƙasar da ta cinye dukan wasanninta a 2013, ta sake ɗaukar kofi a 2015, aka yi watsi da ita har ta kasa samun gurbin Kofin Duniya a wasannin share fage da aka yi a Parma ta Italiya a 2021. A watan Disambar shekarar, 'yan wasa 62, na da da na yanzu, suka rubuta wa gwamnatin ƙasarsu takarda cewa sun daina amincewa da hukumarsu. Sai da aka ji kunya a bainar jama'a sannan aka saki kuɗi. A 2023 sun zo na ƙarshe, a 2024 suka hau na uku, kuma a 2024 ɗin suka doke Niyu Zilan, mai riƙe da Kofin Duniya a lokacin, 29 da 27 a Vancouver. Matan nan tun farko suna da baiwar. Kulawa ce babu.

To me ya sa sai 'yan wasa sun kai ƙara gaban gwamnati kafin a kula da su? Saboda a wannan gasar ba a faɗuwa. Mu da muke kallon Firimiya mun san yadda ƙungiya ke rikicewa idan ta ga tana cikin ukun ƙarshe. A Ƙasashe Shida kuwa, ka zo na shida bana, ka zo na shida baɗi, kujerarka tana nan. Wels ta zo ta ƙarshe a 2024, a 2025 kuma ba ta ci ko wasa ɗaya ba. A tsakanin nan aka yi takaddamar kwantiragi da 'yan wasanta wadda ta kai hukumar ga ba su haƙuri. Duk da haka gurbinta bai girgiza ba.

A can waje kuma akwai Sifaniya, wadda mutane da yawa suka manta cewa 'yar gasar ce. An fara gasar a 1996 da ƙasashe huɗu, Faransa ta shigo a 1999, Sifaniya ta shigo a 2000 ta yi wasa har zuwa 2006. A 2007 aka cire ta aka sa Italiya. Ba a fili aka kayar da ita ba. An cire ta ne don jerin ƙasashen gasar mata ya yi daidai da na gasar maza. Wannan abin har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya: mata sun gina wasansu da guminsu, an kore su saboda mazan ƙasarsu ba sa cikin wata gasa. Ba Italiya nake zargi ba, ta riƙe gurbinta da mutunci, har ta zo ta biyu a 2019. Amma ƙara kujera ɗaya ko buɗe hanyar hawa da sauka bai gagari kowa ba.

Wani zai ce ai Sifaniya ba za ta iya ba, tunda a 2024 Wels ta doke ta 52 da 20 a Cardiff. Haka ne, kuma ba na ɓoye shi. Amma ƙasar da aka hana karawa da manya duk shekara tun 2007, da me ake so ta yi ƙarfi? Duk da haka ita ce ta doke Ayalan 8 da 7 a Parma a 2021. A 2023 da ƙyar Ayalan ta sha a hannunta 15 da 13 a Dubai. Sifaniya ta kuma samu gurbi a Kofin Duniya na 2025, wanda mutum 81,885 suka kalli wasansa na ƙarshe a Twickenham, inda Ingila ta doke Kanada 33 da 13. Masu kallo sun samu, masu talla sun samu, TikTok ya sa sunansa a Gasar Ƙasashe Shida ta mata a 2022, Guinness ya karɓa a 2024. Tun da aka raba lokacin gasar mata da na maza a 2021, ta tsaya da ƙafafunta. In har an yarda ta yi nata lokacin, me zai hana ta yi nata jerin ƙasashen?

Abin da nake so a yi bai da wuya. Duk shekara wadda ta zo ta shida ta kara da zakarar gasar Turai ta ƙasa da wannan, gida da waje, wadda ta yi nasara ta shiga. In Wels ce ta fi ƙarfi, ta tabbatar a fili. Matsalar ita ce gasar mallakin hukumomin ƙasashen shida ce, tare da kamfanin zuba jari na CVC da ya sayi kashi ɗaya cikin bakwai a 2021, kuma babu hukumar da za ta ɗaga hannu da son ranta ta amince da abin da zai iya fitar da ita. Shi ya sa matsin dole ya fito daga waje: daga hukumar wasan ta duniya, daga masu talla, daga 'yan jarida, da kuma 'yan wasan kansu, kamar yadda matan Ayalan suka yi da takardarsu a 2021.