Tiren Kaka ba na kilo ba ne

Jiya da hantsi na tarar da ƙanena a ƙofar gidanmu na Aboabo a Kumasi, ya ɗora tsohon tiren tagullar Kaka, Allah ya jiƙanta, a kan sikelin wani ɗan kondem, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Na ce, "Kai, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Haba Yaya, abin da ya yi baƙi ƙirin, wa ke amfani da shi?" Ban tanka ba, na ɗauke abina.

Da la'asar na jiƙa tsamiya, na zauna ina shafa shi da tsumma a hankali. Sai ga dagi ya fito a tsakiya, igiyoyi biyu sun sarƙe, in ka bi da yatsa ba ka gane inda suka faro. Ganye ya kewaye shi har baki. Filin da ke tsakani kuwa ɗige-ɗige ne kamar an watsa gero, kuma kowane ɗigo bugun guduma ɗaya ne. Akwai wani wuri da kurfin maƙerin ya goce, ya yi ɗan karce. Maimakon ya ɓoye, sai ya lanƙwasa shi ya mai da shi ganye. Nan na fi daɗewa ina kallo. Tiren da ake jibgewa a kasuwar Kejetia, wanda inji ya buga, sumul yake, amma kallo ɗaya ya ishe shi.

Kaka takan ce aikin Nupawan Bida ne, kakarta ta taho da shi daga garin Salaga na arewacin Gana bayan yaƙin basasar 1892, lokacin da fataken goro suka watse. A kansa aka raba goron ɗaurin auren kusan kowa a gidan nan.

A nan gaskiya Tonawa, wato Asante, sun fi mu. Dubi kuduo ɗinsu, tukunyar tagullar da suke adana garin zinariya a ciki. Wasu tsofaffin sun kwaikwayi tasoshin Masar na zamanin Mamluk, irin wadda ke garin Nsawkaw da rubutun Larabci a jikinta, har maƙeran da ba su karanta Larabcin ba suka riƙa zana kamanninsa don ado kawai. A 2024 Ingila ta maido musu da kaya 32 na zinariya da azurfa, wai aro, aka baje a gidan tarihin Manhyia, fadar sarkinsu. Mu 'yan Zango muka je muka sha hoto, muka dawo gida muna auna namu a sikeli.

Don Allah mai irin wannan a ƙarƙashin gado, kada ya kai masa soson ƙarfe, yana cinye zanen.

Ƙanen nawa dai ya kafe sai na biya shi abin da ɗan kondem ya taya, wai shi ma magaji ne. Na biya. Tiren yana jingine a ɗakin Mma, mahaifiyarmu, ta riga ta ce da shi za a fitar da goron sunan jikarta ranar Lahadi.