Daren da Na Kashe Ɗan Goggona da Bakina

Tun ina yaro na tashi da aƙida ɗaya a kan fim: akta ba ya mutuwa. Finafinan Indiya ne suka yi mana wannan tarbiyya. A zuba wa jarumi harsashi shida a ƙirji, ya faɗi, uwarsa ta ƙwala masa kira daga ƙauye, ya miƙe ya karkaɗe riga ya je ya gama da bos. Da wannan ilimin na shiga kallon Game of Thrones, wani fim mai dogon zango, shi ya sa na sha dukan kawo wuƙa.

Ban ma fara da wuri ba. Tashar HBO ta Amurka ta soma nuna shi tun 2011, ni kuwa sai wajen 2016 wani abokina ya tura min a waya. Shi wannan abokin nawa ya karance littattafan George R.R. Martin da aka ciro labarin daga ciki, kowanne kaurinsa kamar bulo, don haka ya san ranar mutuwar kowa. Duk wanda na ce masa ina so, sai ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Allah sarki."

Ned Stark na fara riƙewa, don hotonsa ne a jikin fastar, zaune a kan karagar takubba. A kashi na tara na zangon farko aka durƙusar da shi gaban jama'a, hauni ya ɗaga takobi, ni kuma ina kishingiɗe ina jiran wanda zai diro daga saman katanga ya cece shi. Ba wanda ya diro. Da mai hankali ne ni, da a nan na ɗauki darasi. Sai kawai na kwashe soyayyata kacokan na mayar kan ɗansa Robb, na ce ai dama shi ne aktan gaskiya, uban share fage ne.

Ranar da zan kalli kashi na tara a zango na uku, abokin nan ya turo min saƙo: "Akwai biki a ciki, za ka ji daɗinsa."

Ƙarfe ɗaya da wani abu na dare ne, ba wuta, zafi ya koro kowa tsakar gida. Umma tana kan tabarma bakin ɗakinta da mafici a hannu, ƙannena sun baje a gefe, ni kuma ina can kusa da rijiya na toshe kunnuwa da abin sauraro, na rage hasken waya. Wanda ya san fim ɗin ya san dalilin rage hasken. Akwai wuraren da sai yatsa na kan maɓallin turawa gaba.

To ga biki. Robb ya saɓa alkawarin auren 'yar tsoho Walder Frey ya auri wata da yake so, sai aka yi sulhu kawunsa ya auri 'yar a madadinsa. An ba baƙi burodi da gishiri, wanda a al'adarsu alama ce ta cewa ba mai taɓa ka a gidan, kamar dai yadda muke cewa baƙonka annabinka. Ana ci ana sha, har ni ina murmushi kamar da ni aka ɗaura auren. Sai na ga an rufe ƙofar zaure. Makaɗa suka sauya kiɗa. Uwar Robb ta ɗaga hannun rigar mutumin da ke kusa da ita, ta ga sulke a ciki. Kafin in gama tambayar kaina me ya kawo sulke gidan biki, an daɓa wa matar Robb wuƙa a ciki, ita da ke da juna biyu, kibau suna ta sauka, an soke Robb, an yanka uwarsa. Sunayen ƙarshe suka fara hawa shiru, ko kiɗa babu.

Matsalar abin sauraro ita ce mutum ba ya jin ƙarar muryarsa. Ni a zatona a zuci na yi salati. Ashe har maƙwabta sun ji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sun kashe shi!"

Umma ta zabura. "Wa? Wa aka kashe?"

Ban ko cire abin kunnen ba na ce, "Shi da matarsa mai ciki, Umma, har da uwarsa! A wurin biki!"

Abin da na manta shaf shi ne, da safiyar ranar ɗan goggona ya ɗauki goggon da matarsa mai cikin wata bakwai sun tafi biki wani gari. Uwa, ɗa, mata mai ciki, biki. Ko ni aka kawo wa wannan lissafin, amsar da zan bayar ke nan.

Umma ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Ƙanwata ta farka ta kama kuka ba tare da ta tambayi na mene ne ba. Baba ya fito da tocila, ɗaure da zani, yana tambayar a wace hanya abin ya faru. Kafin in haɗa kalma biyu, maƙwabcinmu yana buga ƙofa, matarsa a bayansa da hijabi a bai-bai. Ni kuma ina tsaye da waya a hannu ina cewa, "A'a, ba su ba ne, Robb ne," Umma tana cewa, "Wane ne kuma shi? Direban?"

Ƙanena ne ya yi dabarar kiran ɗan goggon. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, da muryar barci. Umma ta fizge wayar: "Kana da rai?" Ya ce da dai yana da shi, amma yanzu da aka tashe shi ƙarfe biyun dare bai tabbata ba.

Tsakar gida ta yi tsit. Baba ya haska min tocila a fuska ya daɗe bai sauke ba, sannan ya ce, "Yanzu wannan da ya mutu, ɗan uwan wa ne a cikinmu?" Na ce Bature ne, Baba, kuma a fim ne, kuma ma tun 2013 aka nuna. Ya ce, "Wato gawar ma ta shekara uku." Maƙwabcinmu ya yi min ta'aziyya har da "Allah ya ba da haƙuri" kafin ya fita, kuma har yau ban san ko da gaske yake ba.

Da gari ya waye na kira abokina in zazzage masa, dariya ta hana shi magana. Wai lokacin da aka fara nuna kashin, waɗanda suka karanta littafin, wanda ya fito tun 2000, ɗaukar 'yan uwansu bidiyo suka riƙa yi a ɓoye suna sawa a YouTube. Baƙin cikinsa ɗaya, bai zo gidanmu da kyamara ba.

Ban daina kallo ba, sai dai na koma cusa gefen filo a baki. Haka na kalli yadda aka fasa kan Oberyn, haka na yi jinyar mutuwar Hodor, wasu 'yan fim ɗin da na riƙe daga baya, ba wanda ya ji ko tari. Umma kuwa in ta gan ni da jan ido da safe sai ta ce, "Yau kuma wa aka yi mana rashi?"

Bayan wata biyu matar ɗan goggon ta sauka lafiya, aka samu namiji. Ranar suna na shiga cikin gida gaisuwa, Goggo tana tsakiyar mata da jaririn a cinya. Tana hango ni ta ɗaga murya: "Ku matsa masa ya ga yaron da ya kashe tun yana ciki."