Yadda hon ɗin motata ya ci mani mutunci a Daura

Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Asabar ɗin nan aka ce in kai su Baba, surukina, ɗaurin aure Daura, to ni da na yi wata uku ina cika ma mutane kunne da zancen motar nan ai ba bakin cewa a'a. Baba a gaba, Auta da dattawa biyu a baya, na sha farar shadda, muka ɗau hanya. Muka wuce Mashi allurar zafi tana tsakiya cif, esi na busawa, ina ta danna hon ko akuya na gani daga nesa.

Muna shiga Daura muka faɗa gosulon 'yan ɗaurin aure, ga ranar bazara. Farko esi ne ya fara hura wata iska kamar numfashin bijimi. Sai na ga allura tana hawa a hankali, can wata jar alama ta kama a dashbod, mai kama da mabuɗi ya faɗa ruwa, mota ta hau ƙara ɗin ɗin ɗin. Baba da tun Katsina bai ce mani uffan ba sai ya nuna da carbi ya ce, "Malam, wannan jan abin na ado ne?"

Na gangara gefe na kashe, na ɗaga bonet, kafin in miƙe an yi mani zobe. Wallahi duk Daura ba wanda ba bakanike ba ranar nan. Wannan ya ce ruwa ne ya ƙare, wancan ya ce famfon ruwan inji ne, wani ya ce lagireto ya toshe da ƙura a wanke shi da omo. Ni kuma ganin Baba ya fito ya tsaya a bayana sai na gyara murya na hau lacca. Na ce jama'a tamostat ne, wani ɗan ƙyaure ne da ke tare ruwa har sai inji ya kai digiri 80 da wani abu sannan ya buɗe ruwa ya zagaya lagireto, in ya maƙale a rufe dole inji ya dahu. Har da zana shi da yatsa a kan ƙurar gilashi. Wani ya ce to a cire shi a yar mana, ai na ƙasar Turawa ne masu sanyi, na ce a'a, motar zamani in ka cire shi kwamfutarta sai ta riƙa ganin inji bai ɗumama ba ta yi ta ɗura mai. Wannan kam gaskiya na faɗa, kuma na ga mutum biyu sun gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma. Na naɗe hannun riga na kai hannu zan murɗe murfin lagireto.

Sai ji na yi tau a bayan hannu. Rake. Wani tsoho mai rake da ke gefe da baro shi ya zabga mani sanda guda, gaban surukina, gaban dattawa, gaban yara. Ya ce "kai ɗan nan so kake ka koma gida ba fuska? Ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, murfin nan ne ya danne shi, kana buɗewa zai yi tsiri ya wanke ka." Abin haushin shi ne na san haka, na sani sarai, amma lacca ta ɗauke ni. Na juya in ga ko Baba zai ce wani abu, sai na ga ya ciro kuɗi yana sayen rake wurin tsohon. Na ɗari biyar. Har da "Allah ya yi albarka."

Amma duk wannan bai ƙona mani rai kamar wani mai doguwar hula ba, wanda ko ɗaurin auren ban ga ya shiga ba. Tun da ya zo kalma ɗaya ya riƙe, gasket, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da jikinsa. "Gasket ya ƙone, inji ya tafi." Ko leƙa injin bai yi ba, hannunsa na baya kamar mai duba gona. Ya ja ni gefe wai shi don Allah yake faɗa mani, in sayar mashi a yadda take kafin labari ya bazu, ya ma faɗi wani kuɗi da ko keke napep ba zai saya ba. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ya ce haka kowa ke cewa. Ya koma wurin dattawan baya yana masu ta'aziyya, wai su nemi motar haya tun da rana. Lambata ma ya karɓa wurin Auta, jiya da asuba ya kira wai ya jikin motar.

Can bayan kamar rabin awa wani ya jawo wani yaron mai wayarin, in ya yi yawa shekara 14, silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Bai kula laccata ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙasan mota ba ɗigo, ya duba robar kulant ruwa na tsakanin layi biyu, ya taɓa tiyon sama ya ji da zafi ya ce to ruwa na wucewa, tamostat ɗinka lafiya lau. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna ma mai hula, ya ce da gasket ne da ka ga abu kamar kindirmo a nan, ko farin hayaƙi a salansa. Sannan ya tambaye ni, "Alhaji a gudu take zafi ko a tsaye?" Na ce a tsaye. Ya ce to a hanya iska ce ke sanyaya lagireto, in an tsaya aikin fanka ne, tada ta ka kunna esi. Na tada, na kunna. Fanka ko motsi.

Ya buɗe baƙin akwatin fis, fis ɗin fanka lafiya, ya tsaya yana kallon rile ɗin, waɗannan 'yan ƙananan makunnan wuta masu kama da dunƙulen magi. Ya ce, "wa ya taɓa nan?" Na yi shiru ina kallon sama. Sai Auta, Auta da nake saya ma data duk sati, ya ce "Yaya ne, ranar Alhamis da daddare, hon ya daina yi sai ya kalli YouTube ya musanya da wani, ya ce wannan ɗin ba abin da yake yi. Ni na riƙe mashi fitila."

Ashe mataccen rile ɗin hon na cusa ma fanka. Yaro ya mayar da kowanne gidansa, fanka ta ɗauka fuuu, jama'a suka sa kabbara kamar an ga wata. Baba ya tofar da ɓawon rake ya ce, "To Malam, ai ka gyara hon ɗin dai." Mun rasa ɗaurin auren, goro kawai muka tarar.

Haka muka dawo Katsina kusan kilomita 80 ba hon, in na ga ɗan acaba sai in sauke gilas in yi ta "kai! kai!" ina bubbuga ƙofa. Rile ɗin ma har yau ban saya ba, yaron ya ce in tafi da tsohon a gwada lamba, ni kuma na manta a aljihun wace riga na sa shi.